Harshe da Suna: Abin Lura Daga Masu Ɗanɗanon Giyar Italiya

A ƙasar Italiya akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai ɗanɗana giyar inabi. Akan jera wa mutum kofunan gilashi a zuba kaɗan-kaɗan a kowanne, ya ɗaga ya duba launi a hasken taga, ya kaɗa kofin ya kai hanci, sannan ya kurɓa ya jujjuya a baki, ya furzar a wani mazubi da aka ajiye masa, don kada maye ya hana shi aiki. Daga nan sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da harshensa ya gaya masa. Ƙwararrun cikinsu sukan iya cewa wannan inabin Nebbiolo ne na tuddan Piyamonte, wancan kuwa Sangiovese ne na Toskana, har su yi kirdadon shekarar da aka tsinki 'ya'yan, domin kuwa shekarar fari da shekarar da ruwa ya yi yawa ba sa ba da ɗanɗano iri ɗaya. Akwai kuma wasu daga cikinsu da ba su damu da manyan kamfanoni ba. Ƙauye-ƙauye suke bi suna neman ƙananan manoma, irin wanda shi ya dasa inabinsa, shi ya matse, shi ya ɗura a kwalba, ya kuma rubuta sunansa da na garinsu da shekarar a jikinta.

Mun san akwai mai karatun da tuni ya ɗaure fuska yana cewa me ya haɗa mujallar marubuta da wannan zance. To, bari mu share fage. Giya haramun ce a addininmu, ba ma shan ta, ba kuma ma kiran kowa zuwa gare ta, kuma wanda ya kurɓa ya furzar ma bai kuɓuta ba a wajen malamanmu. Sai dai mu da muke zirga-zirga a Bata ba za mu yi kamar ba mu san da ita ba. Bata kan iyaka ce. Idan ka tsaya a ƙarƙashin doguwar gadar nan ta titin Murtala Muhammad, ga Fagge a gefe guda, tsohon zangon fatake da Buzaye, ga Sabon Gari a ɗaya gefen, unguwar da aka yanka wa baƙi a wajajen 1913 bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan a shekarar 2000, aka kuma kafa Hukumar Hisba a 2003, mun sha ganin an tara kwalabe an bi ta kansu da mota, kamar yadda aka farfasa kwalba 240,000 a watan Nuwamba na 2013. Maƙwabtanmu na Sabon Gari, waɗanda addinin wasunsu bai hana su ba, suna da nasu ra'ayin a kan wannan, kuma muhawara ce ta wata rana. Abin da ya dame mu a yau shi ne wata tambaya da giyar Italiya ta tayar, wadda ta shafi furar da muke sha da littafin da muke rubutawa: da me ake gane nagartar abin da hannun mutum ya yi, da harshen mai ɗanɗanawa ko da sunan mai yi?

A watan Maris na 1986 mutane suka fara mutuwa a arewacin Italiya, wasu kuma suka makance, bayan sun sha wata giya mai araha da ake sayarwa a kantuna. Da aka bincika sai aka tarar wasu dillalai ne a yankin Piyamonte suka zuba mata sinadarin metanol don su ƙara mata ƙarfi ba tare da sun kashe kuɗi ba. Kusan mutum ashirin suka rasa rayukansu. Ƙasashen waje suka riƙa tsare giyar Italiya a kan iyakokinsu, kasuwa ta faɗi warwas, mai gaskiya da maras gaskiya duk suka kwana a ciki. Abin lura a nan shi ne harshe bai ceci kowa ba. Metanol ba ya sanar da kansa a baki, sai ya kai ga ido da jini. Da za a tara duk ƙwararrun masu ɗanɗano na ƙasar a ba su kwalbar nan, iyakarsu su ce ba ta da daɗi. Abin da ya kashe mutane shi ne giyar ta bi hannu da hannu, daga tanki zuwa tanki, har ta kai inda babu wanda zai iya nuna gonar da ta fito ko mutumin da zai amsa tambaya a kanta.

Ba wai Italiyawa ba su da doka ba ne kafin wannan. Tun 1963 suka yi dokar da ake kira DOC, wadda ta ce ba ka da ikon sa wa giyarka sunan wani yanki sai in a can aka noma inabin, da irin da aka amince, bisa ƙa'idar da aka rubuta. A 1980 aka fara ba da wani mataki da ya fi wannan tsanani, wato DOCG, ga irin su Barolo da Barbaresco da Brunello di Montalcino. Amma bayan musibar 1986 ne jama'a suka farga cewa araha ba ta ado, suka fara tambayar wane ne ya yi, a ina kuma. A shekarar nan ce dai Carlo Petrini da abokansa na garin Bra suka tayar da ƙura a kan buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Roma, abin da ya haifi ƙungiyar Slow Food, masu kiran a ci abinci a tsanake a kuma san wanda ya noma shi. Ƙungiyar ta zama ta duniya a 1989, kuma a 2022 wani ɗan Yuganda, Edward Mukiibi, ya zama shugabanta. Ƙananan manoman inabi ma suka kafa tasu ƙungiyar, FIVI, a 2008, ta waɗanda ke ɗaukar nauyin aikin tun daga dashe har zuwa sayarwa.

Akwai wani marubucinsu da ya kamata mu ambata a nan tun da ɗan'uwanmu ne a sana'ar alƙalami, wato Luigi Veronelli, wanda ya rasu a 2004. Falsafa ya karanta, amma ya ƙare rayuwarsa yana yawo a ƙauyuka yana rubutu a kan abin da manoma ke yi. Shi ne ya dage cewa kowace ƙaramar hukuma ta sami ikon sa hatiminta a kan abincin da aka san garin da shi. Ra'ayinsa da ya fi shahara shi ne wai mafi munin abin da ƙaramin manomi ya yi da hannunsa ya fi mafi kyan abin da masana'anta ta fitar. Muna ganin ƙaunar talaka ce ta sa shi faɗin haka, kuma muna girmama shi a kanta, amma ba mu yarda da maganar ba. Ƙanƙanta ba ta sa mutum ya zama mai amana. Mai nonon da ke tsinka shi da ruwan kuka ko madarar gari ta ce kindirmo ne, ita ma ƙaramar mai sana'a ce. Haka mai zumar da ya dafa sukari ya ɗura a kwalba, ya jefa matacciyar ƙudan zuma ɗaya a ciki don shaida. Abin da ya bambanta manomin Veronelli da waɗannan shi ne sunansa na jikin kwalbar, gonarsa kuma ba ta tafiya ko'ina. Idan ya cuce ka bana, baɗi ka san ƙofar gidansa, 'ya'yansa kuma su za su gaji kunyar tare da gonar. Suna linzami ne, in ji Bahaushe.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan ilimi na Turawa ne kaɗai. Kakanninmu sun san shi sarai, kuma harshenmu shaida ne. Mun ce kanwa ungurnu, mun ce gishirin Bilma, mun ce rawani ɗan Kura, mun ce albasar Aliero da raken Maƙarfi da kifin Baga. Kowanne sunan wuri ne ya manne wa kaya saboda an gwada an ga bambanci. Amma inda abin ya fi kama da na Italiyawa shi ne wajen goro. Fataken da suka riƙa tafiyar watanni zuwa Gwanja ba su ɗauki goro a matsayin abu guda ba. Sun san fari da ja, sun san sabo da daushe, sun san na Labuje a ƙasar Nufe wanda aka ɗauka goron sarakuna ne, sun kuma san hannunruwa mai yauƙi da ba ya shiga sahun waɗannan. Dattijon da ya tsufa a harkar zai ɓantara ya tauna, ya ɗan yi shiru, ya gaya maka inda ya fito da kuma ko ya sha ajiya yadda ya kamata. Abin da ɗan Italiya ke nema a bakinsa idan ya kurɓi Barolo, wato wannan ɗaurewar da ke kama dasashi, shi ne mu muke kira bauri, kuma mai cin goro ya san bauri mai daɗi da wanda ke nuna ɗanyantaka. Ashe ba harshe muka rasa ba.

Abin da muka yi sakaci da shi shi ne sunan mai yi, kuma mun daɗe muna biyan kuɗin wannan sakaci. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu suka jeme suka rina, ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma shekaru aru-aru, ta isa Turai aka yi wa manyan littattafai bango da ita, amma sunan da ta shiga duniya da shi shi ne fatar Maroko, saboda ta tashoshin can ta bi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman da ake ɗinkawa a birnin nan ana kai su ƙasashe masu nisa. Muna da unguwa sukutum mai suna Dukawa, amma wa zai iya kawo sunan baduku ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗinka takalman da Barth ya gani? A gefe guda kuma ga Tomas Bata, ɗan gidan masu ɗinkin takalmi a garin Zlin na ƙasar Cek, wanda ya kafa kamfaninsa a 1894 ya buga sunan gidansu a kan kowane takalmi. Kamfanin ya shigo Nijeriya a shekarun 1930, da yawanmu mun je makaranta da kotinarsa a ƙafa, yau kuma ga shi sunansa ya zama sunan wuri a tsakiyar birnin dukawa, har yaron mota na kiran sa da ƙarfi ba tare da ya san sunan mutum yake kira ba.

Wannan asara ce ta daraja da ta dukiya. Akwai wadda ta fi ta ciwo. A watannin Maris da Afrilu na 2021, dab da azumi, asibitocin Kano suka cika da mutane masu amai da fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu. Gwamnatin jiha ta ce mutum goma sun rasu, ɗaruruwa kuma sun kwanta. Binciken hukumar NAFDAC ya kai ga garin haɗa lemo da ya lalace da wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, irin wanda ake zubawa a zoɓo da lemon ƙulli. Matan da suka dama suka ƙulla a leda ba su yi nufin kashe kowa ba. Sun sayi awo ne daga mai tebur, mai tebur ya saya daga mai buhu, mai buhu kuma ya ce haka ya sayo. Tsami dai ya yi tsami a baki, harshe bai ga laifinsa ba. Labarin Piyamonte ne ya maimaita kansa a gidanmu bayan shekara 35, kuma a cikin abin sha na halal. Da iyayenmu mata na jiƙa tsamiya su tace, sun san bishiyar, ko aƙalla sun san wadda ta kawo ta kasuwa. Ba muna cewa a koma jiya ba ne, domin birnin da ya tara miliyoyin mutane ba zai rayu da tsamiyar bayan gida ba. Muna dai cewa duk hannun da aka ƙara tsakanin mai yi da mai sha, in babu suna a kansa, wuri ne da amana za ta iya zubewa ba wanda ya ji ƙararta.

To, ashe ke nan suna ya fi harshe? Da mun tsaya a nan da mun yi wa gaskiya rabin adalci, domin shi ma suna yana da tasa cutar, wato yakan rufe wa harshe baki. A 1976 aka shirya wata gasa a birnin Faris inda aka ɓoye sunayen kwalabe aka ba manyan masanan Faransa su ɗanɗana. Da aka buɗe sakamako sai ga giyar Kalifoniya ta Amurka, wadda suke rainawa, ta zo ta ɗaya a ɓangarorin biyu na gasar. Da sun ga sunayen tun farko da wuya su yanke wannan hukunci. A Italiya kanta, a 2008, hukuma ta binciki wasu sanannun gidajen da ke yin Brunello bisa zargin suna gauraya wani inabi daban da wanda doka ta yarda, alhali masu saye na ta biyan kuɗi mai yawa suna yabawa saboda sunan da ke jikin kwalba. Shi ya sa masu ɗanɗano na gaskiya suke naɗe kwalbar tukuna, su rubuta hukuncinsu, sannan su buɗe su ga ko ta wane ne. Mu malaman makaranta mun san wannan jarrabawa a jikinmu. Idan takardar yaron da ya saba zuwa na ɗaya ta zo hannu, jan biro yakan yi sanyi tun kafin a karanta layin farko, in kuma ta ɗan bayan aji ce sai ido ya tafi neman kuskure. Wanda ya taɓa zaman makin jarrabawar WAEC, inda ɗaliban ba nasa ba ne bai kuma san fuskar kowa ba, ya san yadda hannu ke daidaita idan babu wanda ake jin nauyinsa.

A ganinmu kowannensu da aikinsa da kuma lokacinsa. Harshe shi ke hukunci a kan daɗi da gwaninta, kuma adalcinsa ya fi cika idan bai san mai kayan ba. Suna shi ke ɗaukar alhakin abin da harshe ba ya iya ganowa, wato guba da algus da ƙarya. Wanda ya bar wa suna aikin harshe ya zama ɗan amshin shata, wanda kuma ya dogara da harshe kaɗai yana iya haɗiye ajalinsa yana lashe baki.

'Yan'uwa marubuta, mu ma fa ƙananan masu sana'a ne, kuma a nan Bata da kasuwar Sabon Gari aka riƙa baje hajarmu. Lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya, sai matasa maza da mata suka shiga rubutawa da kansu, su buga da kuɗinsu, su ɗauko a ka su kawo wa 'yan kasuwa. Ta wannan hanya Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka shiga gidajen da littafin Hausa bai taɓa shiga ba. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka mayar da martani, Ibrahim Sheme ya ba muhawarar fili a jarida. Waɗannan sun karanta kafin su yi magana, kowa da hujjarsa. Amma bayansu an sami dubban mutane da suka ɗauki laƙabin kawai suka yanke wa littattafan hukunci a dunƙule, ba su buɗe ko ɗaya ba, har ta kai ga an cinna wa tarin littattafan Hausa wuta a wata makarantar 'yan mata a 2007, a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A cikin littattafan zamanin akwai na banza, ba ma musu, akwai kuma waɗanda suka faɗi gaskiyar auren dole da zaluncin kishi da sakin wulaƙanci fiye da yadda aka saba ji. Wuta ba ta tantance wannan. Mu kanmu a tarukanmu mukan yi irin haka ta wata fuskar: in babban suna ya karanta labari sai tafi, in sabon shiga ne sai gyaran ƙa'idar rubutu. A 'yan shekarun nan kuma da rubutu ya koma waya, sai ga ɗaya cutar ta bayyana. Labari na yawo a WhatsApp an yanke sunan mai shi, ko an sa sunan aro da ba wanda zai iya tuhuma, wani ma a kwashe shi a karanta a YouTube mai shi bai sani ba. Buhun ɗan tsami ke nan da ba a san mai shi ba, in ya yi daɗi ba a san wanda za a gode wa ba, in ya ɓata tarbiyyar yaro ba a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi kusa da alƙalaminmu. Masu ɗanɗanon Italiya sun tara kalmomi masu yawa na bayyana abin da baki ke ji, suna koyar da su a makarantu. Mu ma muna da namu. Ban da zaƙi da ɗaci da tsami, muna da garɗi da bauri da maƙaƙi, muna da zartsi na ruwan rijiya, muna da yami da galmi, muna da lami da salam na abin da bai ji gishiri ba. A duba littattafanmu na yanzu a ga sau nawa waɗannan ke fitowa. Jarumarmu kullum tana jera abinci mai rai da lafiya a kan tebur, ta buɗe firji ta ɗauko lemon kwali, marubuci ya lissafa sunayen kamfanoni, amma ba zai iya gaya mana yadda furar gero ta bambanta da ta maiwa a baki ba, ko yadda nonon damina ya bambanta da na rani, ko abin da daddawar kalwa ke yi wa miyar kuka wanda dunƙulen Maggi ba ya yi. Ɗalibanmu na aji shida da yawa ba su taɓa jin kalmar galmi ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba su gan ta a rubuce ba.

Dattawan da suka san goro da baki suna nan a kasuwar Mariri, sai dai kullum raguwa suke yi. Haka matan Jakara masu gurasa, da Fulanin da ke shigo da nono da sassafe. Daga Bata zuwa kowane ɗayan wuraren nan kuɗin A Daidaita Sahu ne kawai. Marubucin da ya je da littafin rubutunsa ya zauna, ya ɗanɗana kafin ya tambayi farashi, ya nemi a gaya masa sunan kowane iri da inda ya fito da wanda ya koya wa mai shi sana'ar, zai dawo da abin da zai cika babi uku, kuma in sun yarda ya sa sunayensu a shafin godiya.